Yankakken Zobe a Buhun Gyaɗa

Ina gaishe ku masu bin labarina, har da wadda ta rubuto mini a makon jiya wai na cika zafin kai, wai namiji ya yi mini abin arziki na tsaya ƙorafi. 'Yata, ki karanta na yau tukuna, sannan ki dawo mu yi magana. Ni Hansatu ce, na haura tamanin da biyar. Boko ban yi ba sai ajin yaƙi da jahilci na wata tara, kuma ba na ƙara gishiri a abin da ya same ni.

Ga wanda yau ya fara shigowa: a Potiskum muke, saura shekara uku Turawa su sauka daga mulki. Gidanmu yana unguwar Yerimaram. Babana Malam Babaji manomin gyaɗa ne, yana cikin mutum goma sha biyun farko da suka kafa ƙungiyar gama kai, don su huta da 'yan kamasho masu danne sikeli da ƙafa. Akawun ƙungiyar shi ne Kashim, ɗan mutanen Barno da ke unguwar Dogo Tebo. Dogo ne, baƙi, da hular zanna da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu, ado ne. Shi nake so. Ba wanda ya tura ni, ni na gani na ce ya yi mini. Iyayensa sun kawo goron tambaya, an karɓa, an raba wa dangi.

Sai ku san wani abu game da dangin uwata kafin mu ci gaba. Mutanen Fika ne, matansu kuma suna zanen ƙwarya da wuƙar da aka gasa a garwashi. Kowace zuriya da alamarta a gindin ƙwarya. Tamu zobe ne, a cikinsa sawun zabuwa uku suna fuskantar juna. Kakata Nagoggo, wadda ta haifi Innata, ita ta riƙe mini hannu na zana na farko. Ban ce haka ake yi ko'ina ba, na danginmu nake faɗa: muddin mace tana riƙe da mutuncinta, zobenta a rufe yake. Ranar da yarinya ta zubar da na gidansu, tsofaffi su ɗauki ƙwaryarta su kankare zoben a wuri huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, su kife ta a bakin ƙofar ɗakin uwarta. Ba zagi, ba duka. Duk macen da ta wuce ta gani ta gama jin labari.

Bayan an raba goro na zana wani ɗan ƙoƙo, na sa zobena a gindinsa, na aika wa Kashim. Haka uwata ta yi wa Baba. Wadda ta kai masa Ummuhani ce, 'yar ƙanwar Baba da ke aure a Dogo Tebo. Ita ce wayarmu, ku masu latsa gilashi. Takarda a ƙullin zanenta take zuwa, tana ƙanshin daddawa.

Bayan mako uku ta kawo mini wata, an ninke ta huɗu:

"Hansatu, na yi miki abin da gari duka zai gani. Ki jira Laraba. Naki, Kashim."

Na karanta ta har ta yi laushi. Wauta ta sa na ɗauka atamfa ce.

Laraba da hantsi, Inna tana tankaɗe garin gero a ƙofar kicin, Nagoggo tana gindin tsamiya tana gurzar auduga, ni kuma ina zaune kan turmi a kife, da tsohuwar sakaina, ina kankare lallen ƙafa. Baba ya shigo da ɗaurin sababbin buhuna a kafaɗa, yana murmushi tun daga zaure.

"Ku zo ku ga aikin surukinku," ya ce. "Baturen ƙungiyoyi ya ce kowace ƙungiya ta sami tambarinta, yadda ko wanda bai san bihim ba zai gane buhunmu cikin dubu. Duk lardin nan na Kashim ya fi yabawa."

Ya warware ɗaya ya shimfiɗa a tsakar gida. Warin fenti ya tashi. A sama an rubuta GAMA KAI da manyan baƙaƙe. A ƙasa ga zobena, faɗinsa ya kai faifai, ga sawun zabuwa uku. Zoben a yanke yake, wuri huɗu.

Rariya ta suɓuce daga hannun Inna, gari ya watse a ƙasa. Nagoggo ta ajiye audugarta. Ta dafa sandarta ta miƙe, ta zo kan buhun, ta ɗora bakin sandar a kan yanka na farko, ta matsa na biyu, na uku, na huɗu. Sannan ta ɗago.

"Hansatu. Wa kika ba ƙoƙonki?"

"Kashim, Nagoggo. Bayan goro ne."

"Na san bayan goro ne. Me ya biyo bayan ƙoƙon?"

"Ba komai."

Baba ya duba ta, ya duba Inna. "Me ake ciki ne? Fenti ne fa a kan buhu."

"Malam," in ji Nagoggo, "shekara ashirin kana shan fura a ƙwaryar 'yata, ba ka taɓa juya gindinta ka gani ba?"

Inna ta gaya masa a taƙaice, kanta a sunkuye. Na ga murmushin ya bar fuskarsa. Kafin ya yi magana ta kama ni a damtse ta ja ni ɗaka, ta saki labule. Ku gafarce ni, ba zan maimaita duk tambayoyin da uwata ta yi mini ba. Ina dai tsaye ina kallon jeren tasoshinta da fantekar da aka tanada don aurena, tana tambayata wace rana, a ina, sau nawa na tsaya a zaure bayan Ummuhani ta shiga ciki.

"Namiji ba ya yanka zobe a banza," ta ce. "Ko ya samu, ko yana so a ce ya samu."

"Inna, ba ɗan Fika ba ne. Bai sani ba."

"Kare shi kike yi a gabana?"

Kare shi nake yi, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina.

Baba ya aika aka kira Kashim. Bayan azahar ya zo a kan kekensa, da farar riga mai guga da wandon kaki, ya riƙo wani abu mai faɗi a naɗe cikin takarda. Nagoggo ba ta taɓa zama a zaure da maza ba, ran nan ta sa aka kai mata tabarmarta. Ni na laɓe bayan zanan da ya raba zaure da tsakar gida, ina leƙe ta wata ɓula.

Ya gaishe su a durƙushe. Nagoggo ta amsa da "lafiya" guda ɗaya. Ya warware takardar, ashe fallen kwano ne, an huda rubutun da zanen a jikinsa.

"Kaka, bari in nuna miki yadda aikin yake. Wannan ake ɗorawa a kan buhu, a shafa fenti, ya bi ta hudar ya kama. To in na yanke zoben ya zagayo ya haɗu, tsakiyar duka za ta faɗo ƙasa, har da sawun zabuwar, sai rami kawai ya rage. Dole a bar ɗan wuri ba a yanke ba don ya riƙe ta. Dubi baƙaƙen ma, duk mai ciki haka aka yi masa."

"Na ji. Da ka ga ba ya yiwuwa sai da yanka, me ya hana ka bar shi?"

"Don in girmama ta na yi. Na ga duk zanen da aka kawo ba wanda ya kai nata kyau."

"Wa ya ba ka?"

"Ita ta..."

"Ta ba ka ka sha ruwa. Ta ce ka kai wa Bature?"

Baba ya yi gyaran murya. "Kashim, tsakaninka da Allah, ka san abin da yankan nan yake nufi a wurinsu?"

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa da ya cire. "Yanzu nake ji, Baba."

A bayan zana na sauke numfashi. Na ce a raina, kun ji ko.

"To a ƙone buhunan," in ji Baba.

Nan akawun ya dawo jikinsa. Ya ce buhu ɗari huɗu ne, kuma ba nasa ba ne, ba na Baba ba ne, na ƙungiya ne. Ya ce an riga an yi wa tambarin rajista, an aika samfurinsa Zariya a buga katin 'yan ƙungiya. Ya ce kaka ta kama, gyaɗa tana shanye a gonaki, in ba buhu mako mai zuwa mutane za su koma wa 'yan kamasho, wahalar shekara biyu ta tashi a banza. Na ga Baba ya kama gemunsa. Shi ya bi ƙauyuka da ƙafa yana lallashin mutane su shiga ƙungiyar nan, an yi masa dariya a kasuwa ba sau ɗaya ba.

"Akwai dabara," in ji Kashim. "Zan bi su ɗaya bayan ɗaya da burushi in cike wuraren. Katin kuma in buga waya Zariya a dakata."

"Kai ka yanka," in ji Nagoggo, "ba kai za ka rufe ba. Sai mai zoben da hannunta."

"A sito?" in ji Baba. "Cikin leburori?"

"Uwarta ba ta fita. Ni kuwa ka ga hannuna." Ta ɗaga shi, yana rawa. "Gara su gan ta tana rufewa da su gan shi a buɗe." Ta juya kan Kashim. "Saurara, ɗan Barno. In ta rufe su duka kafin ko ɗaya ya bar sito, maganar aure tana nan. In ɗaya ya fita a yanke, za mu sayi goro mu mayar wa iyayenka. Akwai wanda ya fita?"

"Sai goman da Baba ya kawo."

"Waɗannan suna gida. Tashi ka tafi."

Da la'asar na rufe goman nan da baƙin tukunya da ƙaro, Inna tana tsaye a kaina ba ta ce mini sannu ba. Ummuhani ta shigo da wata takardar:

"Ki yi haƙuri. Rigimar tsofaffi ce, za ta wuce. Kin san zuciyata."

Na juya bayanta na rubuta masa: "Ka dama fentin da kauri. Ina zuwa da safe."

Da safe Inna ta miƙo mini tsohon zane wai kada fenti ya ɓata na kirki. Na ƙi. Na ɗaura atamfata shuɗiya mai ganye, wadda ban sa ba sai sau ɗaya, da sallar layya. Na sa kwalli, na sa 'yan kunnen azurfa da warwaro biyu a kowane hannu, na kafa ɗaurin kallabi, na yafa gyale. In za a kalle ni, ba za a kalle ni kamar wadda aka kama ba. Nagoggo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Je ki." Iyakar yabon da na taɓa samu daga gare ta ke nan.

Siton ƙungiya yana bayan kasuwa, ginin ƙasa ne da rufin kwano, da babban sikeli a rataye a bakin ƙofa. Mai awo wani dattijo ne, Bubayaro, mai jan gemu, wanda ba ya magana sai ta kama. Leburori shida suna zaune kan dakali suna cin rogo. Da suka gan mu ni da Ummuhani sai cin ya tsaya.

"Akawu ya yi sabon ma'aikaci," in ji ɗaya.

"Wannan da kwalli ya zo aiki."

"Ku bi a hankali, uwar ɗakin sito ce."

Ummuhani ta ce, "Wanda rogo bai ishe bakinsa ba ya zo in cika masa da fenti." Suka yi dariya, amma suka rage murya.

Kashim ya shimfiɗa mini tabarma daga ciki, ya ajiye gwangwanin fenti da ɗan burushi. Ya so ya yi mini magana, na ce, "Miƙo buhu."

Ku da ba ku taɓa shafa fenti a buhu ba, ku sani yana shanyewa kamar yashi. Kowane yanka sai na bi shi sau biyu, wani sau uku, kuma sabon fentin ya fi tsohon baƙi, duk mai ido zai ga an yi gyara. Ban damu ba, a rufe dai yake. Shi yana shimfiɗawa, ni ina cikewa, Ummuhani tana ja gefe tana jerawa su sha iska. Kwano ya ɗau zafi, gumi ya wanke kwallin, warwarona suka yi baƙi, atamfar kuwa tun buhu na talatin na daina tausayinta. Mutane suna wucewa suna leƙe. Wata mai tallan nono ta tsaya a ƙofa har sai da Bubayaro ya kore ta.

Karatuna kaɗan ne, amma ƙirga ba a makaranta na koya ba. Duk buhu ashirin sai in jefa tsakuwa ɗaya a gefen tabarma. Rana ta karkata, Kashim ya shimfiɗa wani ya ce, "Shi ke nan, wannan ne na ƙarshe. Sannu, Hansatu. Wallahi kin..."

Na tattara tsakuwoyin a tafin hannuna. Goma sha biyar, da buhu goma a kai. Na sake ƙirgawa.

"Ɗari uku da goma," na ce. "Da na gida, ɗari uku da ashirin. Ina tamanin?"

"Kin yi kuskuren ƙirga. Gajiya ce."

"Ummuhani, ƙirga jerin."

"Ba sai ta ƙirga ba," in ji Bubayaro daga bakin ƙofa. Bai ko juyo ba, yana goge ƙugiyar sikeli da tsumma. "Akawu, ka faɗa mata, ko ni in faɗa."

"Baba Bubayaro, wannan ba maganarka ba ce."

"Ta zama tawa tun ranar da na same ka kana huda kwanon nan. Na ce maka matata 'yar Fika ce, na ce maka ga abin da yankan yake nufi, na ce ka je ka tambayi tsohuwar gidansu. Ka ce mini Bature ya riga ya sa hannu." Sai a nan ya juyo ya dube ni. "Yarinya, tamanin sun tafi Fika tun Litinin. An raba wa 'yan ƙungiya na can."



Na dubi Kashim. Ina so ya ce ƙarya ne. Da ya ce, ina jin da na yarda, don haka nake a lokacin. Bai ce ba. Ya durƙusa kusa da tabarmar ya rage murya.

"Ki saurare ni. Na kai wani zanen, Baturen ya ƙi, ya ce wannan yake so. Mota tana jira, mutum sittin suna jiran buhu. Na ɗauka a kan buhu ba wanda zai lura, ai ba ƙwarya ba ce."

"Jiya Baba ya haɗa ka da Allah."

"Da na faɗi gaskiya jiya da na rasa ki a take." Ya matso. "Har yanzu ba abin da ya ɓaci. Nan da kwana goma buhunan za su dawo cike, in sa a jera su ta baya, a loda su Kano. Kaka ba ta zuwa sito. Ke kika ƙirga, ke za ki ce sun cika. Kalma ɗaya ce, Hansatu."

Ga shi kusa da ni, ina jin ƙanshin turaren wutar gidansu a rigarsa, ga idanun nan da suka sa na zana ƙoƙon tun farko. Wadda ta ce na cika zafin kai, ki sani na yi tunanin kalmar nan ɗaya. Na auna ta sosai. Sai na tuna yayyen Inna uku suna Fika, da 'ya'yansu, da kowace tsohuwa da ta san sawun zabuwa uku na zuriyar wa ne. Buhu tamanin a tsakar gidaje sittin, kuma mata ne ke ɓare gyaɗa su zuba.

Na miƙe.

"Ummuhani, je ki gida. Ki ce wa Nagoggo tamanin sun fita, kuma ya sani tun kafin ya buga. Ki ce wa Baba ya nemi goro."

"Ke fa?"

Na danna murfin gwangwanin, na soke burushin a ƙullin zanena. "Baba Bubayaro, akwai motar Fika yau?"

"Ta ƙarshe tana lodi a bakin kasuwa. In kin yi sauri."

Kashim ya kira sunana sau biyu. Na biyun ma da muryar akawu ya kira, wai fentin kayan ƙungiya ne. Ban juya ba.

Ban taɓa shiga mota ni kaɗai ba, ban nemi izinin kowa ba, gidan kawuna a Fika ma da kwatance na san shi. Na iske motar ta kusa cika, mata da kaji da buhunan gishiri. Direban yana zaune kan tudun taya yana cin goro. Ya dubi hannuwana baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya dubi gwangwanin, ya daɗe yana kallon fuskata. Sannan ya tofar da goron.

"Ke ce ta jikin buhun nan?" ya ce. "Ni na kai su. Tun shekaranjiya matan Fika suke tare ni a tasha suna tambaya wace ce a jikokin Nagoggo."